Reshen Masu Shiru

Madam Kohli, shugabar ofis, ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Tabassum, ta ɗora farcenta a kan wata lambar waya.

"Lambar wa ce wannan?"

Tabassum ta karanta ta sau biyu, ba ta san ta ba. Shekara huɗu ke nan tana kula da tsarin amsa kira na kamfanin raba tukunyar gas a birnin Lucknow, kuma ita ta gina shi reshe-reshe: danna ɗaya don sabuwar tukunya, biyu don ƙorafi, uku idan gas na yoyo. Reshe na uku kaɗai ke fitar da kira daga ofis, zuwa wayar makanikai. Wanda bai danna komai ba, na'ura ta maimaita masa sau uku, ta yi godiya, ta katse.

Yanzu kuwa ba ta katsewa. Mako uku ke nan ana tura masu shirun zuwa wannan baƙuwar lamba, kira ɗari biyu da 'yan kai, wani har ya kai rabin awa. Kuma da zarar kira ya fita waje na'ura ba ta ƙara naɗar komai. Madam ta ce ta buga lambar kai tsaye sau shida, tana shiga, ba a ɗauka. Ta ce su wane ne ba sa danna komai in ba tsofaffi ba, kuma wa ke farautar tsofaffi a waya in ba ɗan damfara ba. Sannan ta nuna mata layin ƙarshe: da sunan Tabassum da kalmar sirrinta aka yi canjin.

"Ƙarfe huɗu zan rubuta wa na sama. Ko ki kawo min suna, ko in sa naki."

Tabassum ta koma kujerarta. Aikin nan shi ke riƙe da gidansu, ita da Abbu, mahaifinta, wanda ya yi shekara talatin yana haɗa kira da hannu a gidan waya kafin na'urori su sallame shi. Ta dubi dama. Devendra na zaune yana cin samosa a kan takarda, man yana ɗiga kusa da madannan kwamfutarsa. Mutumin da ya nemi kujerarta bara bai samu ba. Mutumin da in tana shigar da kalmar sirri sai wuyansa ya ƙara tsawo.

"Tabassum-ji, Madam ta ƙara miki girma ne? Na ga kin fito kamar an kwashe miki jini."

Ta ce ba komai. Ya miƙo mata samosa, ta ƙi karɓa, a ranta tana cewa wannan kirkin ma shaida ne. Duk safiyar nan ta sa masa ido. Ya fita amsa waya sau biyu yana rufe baki da hannu. Ta lura yana da waya ta biyu a aljihun riga, ƙarama, mai madannai. Da aka kawo shayin sha ɗaya ta ji yana tambayar wata abokiyar aiki ko kakarta ita kaɗai take zama. Haushi ya cika ta, ta ture shayin gefe. Kafin azahar ta leƙa ofishin Madam ta ce ba wai tana zargin kowa ba ne, amma a duba wayar Devendra ta biyu. Madam ta rubuta sunan a gefen takarda.

Sai bayan ta buɗe kwanon abincinta ta tuna ba ta duba ranar da aka yi canjin ba. Talata ce, ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Talata daga gida take aiki. Ta ce a ranta ai daga ko'ina ana iya shiga da kalmar sirri, ta ci gaba da gutsurar gurasa, sai kuma ta ajiye ta. Ɗaya da ashirin lokacin sallarta ne, kuma a gida ba ta taɓa rufe kwamfuta ba. Ta rufe don wa? Abbu ne kawai, yana zaune bayanta da tabarau yana kallon rassan nan, yana tsaki. Ya taɓa ce mata a zamaninsu in mutum ya yi shiru a waya jiransa ake yi, don mai shiru ya fi kowa buƙata. Dariya ta yi ta ce zamani ya wuce nan.

Huɗu saura kwata ta fita bakin matakala, ta buga lambar kamfanin. Muryar na'ura ta jero ɗaya, biyu, uku. Ba ta danna komai ba. Na'urar ta sake jerowa, ta kuma sake. Sai layin ya yi ɗan ƙara ya fara shiga wani wuri. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ina jin ku. Kada ku damu, ba sai kun danna komai ba. Ku faɗa min a hankali, tukunya ce ta ƙare? Ni zan buga in yi muku odar."

A bayan muryar tana jin kukan fankar falonsu, wadda ta yi wata biyu tana cewa za ta kira mai gyara. Ashe sabon layi ya saya a ɓoye, kuma kiran da ya biyo ta kamfani kaɗai yake ɗauka. Ta daɗe rabon da ta ji muryar nan da ƙarfi haka. Tausayi da fushi suka haɗe mata wuri ɗaya. Ta cikin gilashin ƙofa ta hango Devendra tsaye gaban teburin Madam, ƙaramar wayarsa a ajiye a kan takardar, yana ta bayani da hannu biyu.

"Abbu," ta ce, "ka sha maganin rana?"

Layin ya yi tsit, sai fanka. Ta jira. Ta san daidai daƙiƙa nawa na'urarta ke ba mai shiru, ita ta sa adadin. Daƙiƙun suka wuce, ita ba ta katse ba. Ta tura ƙofar da kafaɗa, wayar na kunnenta, ta nufi ofishin Madam.