Telomer Gadon Uwa

Malam Moussa ya jingina waya da ƙullin shadda, allura a bakinsa, keken ɗinki na ruri. Shagonsa na unguwar Goutte d'Or a Paris bai fi akurki ba, amma kullum cike yake da 'yan Zinder masu shan shayi suna gyara duniya. A wayar kuwa 'yarsa Zouera ce, daga Lyon inda take karatun kimiyyar jikin ɗan Adam.

"Baba, ka sha maganin tansiyonka, na hawan jinin nan?"

"Ke ba ki da gaisuwa sai magani? Mi kuke bincike yanzu?"

"Telomer. Kamar kalmasa ce a bakin zaren halittar mutum. Tana gajercewa da shekaru da damuwa da taba. An lura masu gajeriya sun fi shiga haɗarin shanyewar ɓarin jiki."

"Ana gadonta?"

"Wani ɓangare dai. Amma Baba..."

Taram ɗinta, jirgin cikin gari, ya iso, ta yi sallama a gurguje. Moussa ya cire allurar yana juya kalmar a baki. Telo, mer. Mer ai uwa ce da Faransanci. Tasa uwar kuwa tana Zinder, ta haura casa'in, har gobe ita ke dakan yajinta.

"Issa, ka ji?" ya ce da amininsa. "Nasara da kansa ya ce abin na uwa ne. Da na uba ne, da telo-per za su ce."

Shago ya kwashe da dariya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da ma Moussa ya tsani ƙwayar nan, don a majalisarsu namijin da ke shan magani kullum an ɗauka ya gama yawo. Ranar ya jefa kwalin cikin gwangwanin maɓallai, ya kuma naɗi saƙon murya ya tura wa 'yan gari, don bai iya cin alheri shi kaɗai ba.

* * *

A wani kantin unguwar Guillotière a Lyon Zouera ke zaɓen kuka da daddawa lokacin da ta ji muryar mahaifinta tana fita daga wayar mai kanti. "Ɗiyata dakta ce a Lyon, ita ta hwaɗi. In uwarka ta tsufa, kai da tansiyo sai kallo!"

Sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan tsoro ya kama ta. Ta kira shi a bakin titi.

"Baba, mer ɗin nan ba uwa ba ce. Girkanci ne, yana nufin yanki."

"To su Girkawan ba uwa ta haife su ba?"

"Baba, don Allah. Ko telomer ɗinka ta kai daga nan Zinder, tansiyo bai san ta ba. Ka sha."

"Na sha tun da sahe, dakta."

Ta san muryar nan. Da ita yake ce wa masu kawo ɗinki riga ta kusa, alhali ko yanka bai yi ba. Ta roƙe shi ya aika wani saƙon ya gyara. Ya ce in sha Allah. Amma wane dattijo ne zai ƙaryata kansa a gaban gari guda?

* * *

Ana saura mako Sallah almakashi ya suɓuce wa Moussa, ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri. Ya rayu, amma hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi.

Zouera tana zaune gefen gado 'yan majalisa suka shigo dubiya, ɗauke da dabino.

"Sannu, maigida," in ji Issa. "Ka san mi ya cuce ka? An ce Hajiyarka ba ta kai casa'in ɗin ba, ƙari aka yi. Ni kam tawa ɗari ta cika. Tun ran nan ban koma faramasi sayen magani ba."

Moussa ya zaro ido. Ya ɗaga hannun hagu, ya yunƙura zai yi magana, bakin ya karkace gefe guda, wani gurnani ya fito.

"Kun gani?" Issa ya juya ga sauran. "Ya samu sauƙi. Dariya yakai."