Dariyar Beryl a Bayan Labaran Ƙarfe Shida

Kaset na goma sha huɗu ke nan Glenys Tuckwell ta zaro daga kwali. Ta goge shi da gefen rigarta, ta kai shi bakin taga.

"An rubuta 'Wasan Kurket' an soke, an rubuta 'Zaɓe' an soke. Kai Merv, ko kaza ta fi ka iya rubutu."

"Sa shi mu gani," in ji Merv Haldane daga gadon da aka dawo masa da shi falo. Muryarsa ta dushe, amma iko na nan yadda yake.

Shekara arba'in suna maƙwabtaka a layi ɗaya a garin Ballarat na Ostireliya. Nas ɗin da ke zuwa kowace safiya ta faɗa wa Glenys a bakin ƙofa cewa kwanaki suka rage wa Merv a duniya. Merv bai nemi limamin coci ba, bai nemi a kai shi ko'ina ba. Abu ɗaya yake so: ya sake jin dariyar matarsa Beryl, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce.

A 1989 suka hau jirgin ƙasa zuwa Melbourne, suka zauna cikin 'yan kallo inda ake ɗaukar shirin barkwanci na daren Alhamis, wanda ake kwaikwayon ministoci da masu karanta labarai a cikinsa. Beryl ta yi ta ƙyaƙyatawa har wani ma'aikaci ya zo ya roƙe ta ta sassauta. Da aka haska shirin, Merv ya ɗauka a kaset, ya ɓalle ɗan haƙorin nan na baya don kada a taɓa ɗaukar wani abu a kai.

Kwana uku Glenys tana tono kafin ta kai ga wani kaset mai rubutun Beryl: "NI CE, KAR A TAƁA." Da ta juya bayansa, sai ga salatif ya toshe gurbin haƙorin.

"Wa ya manna wannan?"

Merv ya tsura wa silin ido. "Ni. Ina aikin yamma a tashar jirgi, ba sauran kaset a gidan, ga ƙarfe shida ta gabato, sai na saita injin ya ɗauki labarai a kansa. Mutum ya kwana bai ga labarai ba?"

"Beryl ta sani?"

"Da ta sani, ai da ni na riga ta tafiya."

Haushi ya kama Glenys, tausayi kuma ya biyo baya. Ta tura kaset ɗin cikin tsohuwar bidiyon. Sai ga kiɗan buɗe labarai, ga mutum da faffaɗan naktaye yana gaishe da jama'a.

"Labarai rabin awa ne, shirin kuwa awa guda," in ji Merv. "Dariyarta tana can gaba."

Glenys ta ɗauki rimot.

"Kar ki kuskura ki tura! Injin nan cinye kaset yake in an matsa masa. Kuma ba a katse mai labarai, ba ladabi ba ne."

Haka suka zauna da rana tsaka suna kallon labaran da suka shekara talatin. Farashin ulu ya faɗi. Direbobin jirgin ƙasan cikin gari sun shiga yajin aiki. Merv yana gyaɗa kai kamar yau abin ya faru.

"Kin gani? Ya faɗi abin da ya faru, ya yi shiru. Na yanzu kuwa kowa sai ya gaya maka ra'ayinsa."

"Sha shayinka."

"Ya huce. Ke ba ki taɓa iya shayi ba, Glenys."

Da aka shiga wasanni ya tambayi saura minti nawa, ta ce shida. Ya ce to, ya gyara kansa a matashi. Mai hasashen yanayi na nuna taswira da sanda lokacin da Glenys ta lura ta daina jin 'yar shaƙar nan da ƙirjinsa ke yi. Ta kira sunansa sau biyu. Ta riƙe hannunsa, da ɗuminsa har yanzu.

Ya kamata ta tashi ta kira nas. Ba ta tashi ba.

Mai labarai ya tattara takardunsa, ya yi sallama. Hoton ya yi rawa, layuka suka gifta, sai ga wani ƙato sanye da gashin mata yana kokawa da taswirar da ta ƙi tsayawa a bango. Ɗakin ɗaukar shiri ya kwashe da dariya. Kowa ya lafa, saura murya ɗaya mai kauri, tana jan numfashi tana sake fashewa, har ɗan wasan ya juyo ya harari wajen.

Glenys ta miƙa ɗaya hannun ta ƙara sauti, ta karkato talabijin ɗin ya fuskanci gadon.