Yatsun Tolliver

Tun suna samari Lemuel yake kallon ƙeyar Tolliver. Tare suka tashi a Mississippi, tare suka tsinci auduga, rana ɗaya suka sayi jita. Amma ranar Asabar, in ana suyar tarwaɗa a gidan Ozella, da Tolliver ya iso gaɓar kiɗan nan da ke sa mata su ajiye faranti, sai ya juya wa jama'a baya, kada wani makaɗi ya ga inda yake ɗora yatsu. Makaɗi kuwa in ba shi ba, Lemuel kaɗai ne a garin.

Tolliver ya tafi Chicago, ya yi faifan kiɗan blues, ya yi hula da takalmi mai ƙyalli. Lemuel ya zauna gyaran tarakta, yana gaya wa kowa wai muryar mutumin ta akuya ce. Faifan dai yana ƙarƙashin gadonsa. Ya saurare shi har allurar garmaho ta cinye shi, bai gano komai ba.

Bayan shekara arba'in sai ga Tolliver a gidan ƙanwarsa, ɓarin jiki ya shanye. Ƙanwar ta je kiran Lemuel, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya riga ta isa gidan.

"Ɗauki jitar, tsohon banza," in ji Tolliver. "Ba zan tafi da abin nan rami ba."

Ya sa shi ya sassauta tsirkiya biyu, ya kwantar da yatsa ɗaya a kan sauran. Lemuel ya kaɗa, sai ga kukan jitar nan da ya hana shi sakat.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da ka roƙa, ai da tuni na nuna maka."

Lemuel bai yi godiya ba. Ya ce jitar ma tana bukatar gyara.

Asabar ta zo, yanzu 'yar Ozella ke suyar. Lemuel ya sa farar riga, ya kaɗa, da ya iso gaɓar nan ya juya baya shi ma, ko da yake ba mai leƙe. Ya ji mata suna ajiye faranti, ya ji daɗi har wuya.

Sai wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, rufe ido ka ji Tolliver."

Lemuel ya ƙarasa waƙar. Kifin ne dai bai ci ba, wai gishiri ya yi yawa.