Ciyawar Baturiya

Mode ya sake kafa ƙusa a gindin tukunyar ya huda, karo na uku ke nan, ciyawar kuwa sai ƙara sunkuyar da kai take yi. Doguwa ce, kanta kamar buɗaɗɗiyar lema. Matar Baturen da yake yi wa aikin lambu a barikin Wurno ce ta zo da ita tun daga Ikko, wai don ado. Ciyawa fa, jama'a! Amma da za su fita rangadi Rabah da Goronyo, sai da ta sa tafinta ya gaya masa har sau biyu: in ta dawo ta tarar ta mutu, ya nemi wani aikin.

Shi kuwa Mode manomin albasa ne tun kaka da kakanni. Abin da ya sani, in ruwa ya kwanta saiwa ruɓewa take yi. Don haka yake ta huda tukunya, yana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, yana kashe ta da hannunsa bai sani ba.

Da azahar ya ga ganyen ya fara ja, hankalinsa ya tashi. Ya ɗauki tukunyar a ka ya nufi gida, kada kukun Bature ya gani ya kai tsegumi.

Matarsa Kyauta tana zaune a bakin ɗaki, inda ya bar ta da safe. Wata uku ke nan da ƙyanda ta ɗauke 'yarsu Sabuwa, tun daga ranar ba ta taka ƙofar gida ba. Ko ruwa maƙwabta ke ɗebo mata, ita da take 'yar masunta, wadda ta tashi a bakin gulbi. Magana kuwa sai ta zama dole. Abin yana cin Mode a rai, ya rasa yadda zai yi.

"Mi kaɗ ɗauko, Malam?"

Ya juyo da mamaki. "Ciyawar Baturiya ta. Mutuwa za ta yi, aikina shi bi ta."

Kyauta ta tashi ta zo. Ta tona ƙasar da yatsa, ta shinshina saiwar.

"Wagga ai 'yar'uwar kajiji ta, irin wanda muka tonowa a fadama mu yi turare. Wa yah huda tukunya?"

"Ni na."

"Haba, Malam! Ka taɓa ganin kajiji bisa tudu? Ƙishirwa ka kashe ta."

Ta zaga bayan ɗaki. Can akwai kwatarniyar da take yi wa Sabuwa wanka, a kife, ba wanda ya taɓa ta. Ta daɗe a tsaye a kanta. Sannan ta buɗe ta, ta wanke, ta cika da ruwan randa, ta nutsa tukunyar har wuya.

"Ƙafa cikin ruwa, kai cikin rana," in ji ta. "Kak ka sake taɓa ta."

Bai taɓa ba. Kwana goma Kyauta na ƙara ruwa kowace safiya, tana tsince matattun ganye. Sababbin tsirai suka leƙo, kore shar. Ran nan har Mode ya jiyo ta tana yi wa ciyawar faɗa a hankali, wai ta cika sha.

Ranar da aka ce Bature ya iso, Mode ya tsaya a kan kwatarniyar ya kasa miƙa hannu. In ya ɗauke, me zai bar mata?

"Bar ta nan," ya ce. "In je in ce musu ta mutu."

"Su kore ka?"

"Su kore ni."

Kyauta ta dube shi, idanunta suka kawo ruwa, sai kuma ta yi dariya, ta farko a wata uku.

"Kai dai ɗan albasa na, Malam."

Ta ɗauko wuƙa, ta zare ciyawar, ta tsaga saiwar biyu. Ta mayar da rabi cikin tukunyar Baturiya, ta liƙe hudojin da laka. Ɗaya rabin ta dasa shi a kwatarniyar.

"Irinta ba ta mutuwa don an raba ta. Ungo, kai musu tasu."

Mode ya ɗora tukunyar a ka. Yana ƙofar gida ya ji motsi a bayansa. Kyauta ce, ta yafa zane, da tulu a kafaɗa.

"Ina za ki?"

"Gulbi. Ruwan rijiya bai yi mata ba."

Ya matsa ya ba ta hanya. Ana jiransa a bariki, amma ya tsaya da tukunya a ka yana kallonta har ta gangara.