Baƙin Malam Apollos a Cikin Manhaja

Aikin da aka ba Surayya bai yi kama da mai wuya ba. Wata makaranta ce a Jimeta take so a sauya mata tsohuwar manhajar da ke tsara jadawalin darussa, daga yaren kwamfuta na Java zuwa na Python, don malamai su riƙa dubawa a waya. Surayya ta iya yarukan biyu. Amma da ta buɗe rubutun manhajar sai ta yi tagumi. Maimakon kowane sashe ya ɗauki sunan aikin da yake yi, sunayen mutane ne zube: Keturah, Hamajoɗa, Absalom. Ko layi ɗaya na bayani babu.

Shugabar makarantar ta ce tsohon malaminsu, Malam Apollos, ne ya rubuta, yanzu ya yi ritaya yana kiwon kifi a Demsawo. Surayya ta hau keke da kwamfutarta.

Ta same shi yana watsa wa tarwaɗa abinci. Da ta nuna masa allon, ya yi dariya har sai da ya zauna.

"'Yata, a shekarar da aka gudo daga Mubi da Michika saboda rikici na rubuta wannan. Yara sun cika makaranta, aka raba karatu safe da yamma, aka ce in yi sauri. Gidan nan kuwa cike da baƙi, har a baranda ake kwana. Duk wanda na ɗaga kai na gani, sunansa nake sawa."

"To Malam, me Keturah take yi?"

"Ita ce mai raba abinci a gidan nan. Don haka ita ke raba malamai a azuzuwa."

"Hamajoɗa fa?"

"Bappa Hamajoɗa a bakin ƙofa yake wuni, ba mai shiga sai ya sha tambaya. Shi ke hana a ba malami ɗaya aji biyu a lokaci guda."

Surayya ta riƙe baki. "Wallahi Malam, ba yaren ne matsalar ba. Ko da Python ka rubuta haka, sai na zo Demsawo."

"Ai gara da kika zo. Ni kaina rabi na manta."

Haka suka riƙa zama kullum da la'asar a gindin mangwaro. Tana karanto layi, yana tuno mutum, ita kuma tana sa sabon suna da Hausa sarai: rabaMalamai, hanaKaro. A saman kowane sashe takan rubuta gajeren bayanin aikinsa, sannan ta ƙara sunan baƙon da aka fara sa wa sashen, don Malam ya ce kada a kori baƙinsa gaba ɗaya.

Absalom ne ya gagare su. Sashen ba ya lissafa komai, ba ya taɓa komai.

"Haka yake," in ji Malam. "Ƙanen matata ne. Barci kawai ya yi ta yi har aka koma gida."

Surayya ta goge shi. Washegari a makaranta ta gwada buga jadawali, firinta ta fito da rabin shafi ta tsaya. Ta sake gwadawa, haka dai. Sai ta dawo da Absalom, ta duba da kyau. Ashe ɗan jinkiri yake sawa tsakanin shafi da shafi, don tsohuwar firintar ta samu ta numfasa.

Ta kira Malam a waya ta gaya masa. Ta ji yana ƙwala wa matarsa kira: "Hilda! Zo ki ji, ashe barcin ƙanenki yana da amfani!"

Surayya ta sa wa sashen suna jiraFirinta, ta rubuta dalilinsa a sama. A makon ta miƙa aikin, malamai suka fara duba jadawali a wayoyinsu. Mama Hilda ta aiko mata da busasshen kifi cike da leda, tare da saƙon cewa Absalom ya ji labari a Michika, yana ta gaya wa mutane shi ma injiniya ne.