Tsohon da ke Cikin Faifan Kunne

Mu huɗu muke taruwa a shagon Mai Agogo duk Asabar da yamma, kuma a cikinmu babu wanda ya iya busa ko da usur. Kiɗan jaz muke saurara, a kan jaz muke musu, sannan kowa ya koma gida da faifansa a hammata yana ganin sauran ukun ba su san komai ba. Akwai Mai Agogo, mai shagon, wanda ba ya sayen faifai sai ya sunsuna kwalinsa. Akwai Likita, mai cire haƙori, da ke da faifai arba'in waɗanda bai taɓa fasa ledarsu ba, wai da zarar allura ta hau kansu sun zama tsofaffi. Akwai ni, ma'aikacin awon filaye, shekarata hamsin da ɗaya amma har yau Auta ake ce mini. Sai kuma mijin yayata, wanda muke kira Kunne.

Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka gaji da gardama muka bar masa. Idan aka ɗora faifai, sai ya lumshe ido ya gaya maka ko mai gangar ya ci abinci kafin ya shiga ɗakin ɗaukar sauti. Mai gangar ya mutu tun kafin a haife mu, don haka ba wanda ya taɓa kama Kunne da ƙarya.

Yana da faifai kusan ɗari shida, amma da gobara za ta tashi, guda ɗaya zai ɗauka, kuma ina shakka ko zai tuna da yayata kafin ya kai ƙofa. Babban faifai ne da ya tsinta wajen mai gwanjo shekara ashirin da shida da suka wuce, ba kwali, takardar tsakiyarsa kuma ruwa ya wanke ta fes. Babu suna, babu shekara. A cikinsa wata murya ce ta namiji, mai kauri, tana jan kalmomi a hankali cikin wani harshe da ba mu gane ba, ƙahon saksofon yana binta a baya yana nishi. A ƙarshen waƙar sai ka ji ruwan sama yana zuba a kan kwano. Kunne ya sa wa mawaƙin suna Tsoho, ya kuma haɗa masa tarihi gaba ɗaya. Tsoho ya rasa matarsa. Tsoho ya yi zaman kurkuku a kan laifin da bai aikata ba. An ɗauki waƙar a wani ɗaki mai yoyo, kuma bayan ita bai sake buɗe baki ba.

Ba ya fita da faifan nan ko'ina. Mai son jin Tsoho sai ya je gidansa, ya cire takalmi, ya zauna a inda aka nuna masa. Ni sau uku ana kora ta daga falon saboda tari. Duk da haka zan faɗi gaskiya: Kunne yana son Tsoho fiye da yadda yake son 'yan'uwansa na jini, kuma idan duniya ta yi masa zafi, wurinsa yake kai ƙara.

Ranar da abin ya faru, garmahon Kunne yana wajen gyara, bel ɗinsa ya tsinke. Kwana biyar bai ji Tsoho ba, har ya fara yi wa mutane faɗa a titi. Sai ga shi ya shigo shago rungume da rigar matashin kai, a ciki tawul, a cikin tawul ɗin faifai.

"Yau Tsoho da kansa ya fito yawo?" in ji Mai Agogo, yana matsar da kofunan shayi daga kan tebur.

"Kada wanda ya yi numfashi a kansa," in ji Kunne.

Ya tarar muna tsakiyar musun wanke faifai. Likita ya dage sai da burushin haƙoran jarirai, Mai Agogo ya ce shi gashin raƙumi kawai ya yarda da shi.

"Auta da gefen rigarsa yake sharewa," in ji Likita. "Na gani da idona."

"Sau ɗaya ne, kuma rigar wankakkiya ce."

"Wanda ya share faifai da riga, zai iya ɗora kofi a kansa," in ji Kunne. "Ni na rasa yadda aka yi kuka fito ciki ɗaya da matata."

Na haɗiye wannan. Likita ya ɗora mana wani ƙaramin faifai da ya saya a makon, wanda ya yarda a ji domin ya zo masa a buɗe. Muka saurara, Kunne ya ce mai fiyanon yana da mura. A nan sai na ɗan yi bayani ga wanda bai san harkar ba. Garmaho yana da gudu biyu. Ƙaramin faifai ana juya shi a arba'in da biyar, babba kuma a talatin da uku, wato a hankali. Akwai ɗan maɓalli da ake turawa. Na Mai Agogo yana can gefe, a ɓoye, kuma da aka sauke ƙaramin faifan babu wanda ya tuna da shi.

Kunne ya wanke hannu, ya riƙe Tsoho ta gefe da tafukansa, ya ɗora, ya sauke allura, ya koma kujera ya lumshe ido. Muka sunkuyar da kai muna jiran baƙin ciki.

Sai ganga ta ɓarke. Saksofon ya shigo da gudu yana tsalle, sannan wata murya ta mace, siririya, mai zaƙi, ta kama waƙa tana yi tana dariya a ciki.

"Kashe!" Kunne ya miƙe zumbur. "Gudun ne! Kun bar shi a arba'in da biyar, jahilan banza! Kashe kafin ku ji masa ciwo!"

Na miƙa hannu zan tura maɓallin, Mai Agogo ya riƙe mini wuyan hannu. Na duba ƙasa, ƙafarsa tana buga siminti.

"Dakata, Auta," ya ce. "Ni shekara talatin ina sauraron abin da ke tafiya daidai da wanda ke latti. Gangar nan daidai take tafiya."

"Babban faifai talatin da uku ne," in ji Kunne. "Ko ɗan da aka haifa jiya ya san wannan."

Likita ya yi gyaran murya. "Ba duka ba, Kunne. Akwai manya da ake yi a arba'in da biyar, na gidajen rawa, waƙa ɗaya a kowane gefe. Ina da guda biyu."

"Ka taɓa jin su?"

"Ban buɗe ba. Amma an rubuta a kwalin."

"To ka yi shiru. Mutumin da ke tara leda ba zai koya mini faifai ba."

Aka ɗaga allura. Mai Agogo ya maƙala gilashinsa na duba cikin agogo a ido, ya sunkuya kan faifan ya daɗe. Da ya ɗago sai ya tambayi Kunne waƙa nawa ce a kowane gefe. Kunne ya ce ɗaya, domin baƙin cikin Tsoho ba ya son maƙwabci. Mai Agogo ya kalli Likita, Likita ya kalli silin.

A nan ne shaiɗan ya shige ni. Na tuna korar da aka yi mini sau uku, na tuna maganar ciki ɗaya.

"Abin mai sauƙi ne," na ce. "A bar ta ta kai ƙarshe. Idan gudun ne ya yi yawa, ruwan saman nan zai fito kamar ana soya ƙwai. Sai mu ba ka haƙuri mu duka."

"Ku sa," in ji Kunne, ya harɗe hannu. "Ku shirya haƙurinku."

Muka mayar da allura. Yarinyar ta yi ta waƙarta, mai ƙaho ya amsa mata, mai ganga ya yi abin da ya ga dama. Har mai ɗinkin da ke shagon gaba ya leƙo yana kaɗa kai da almakashi a hannu. Aka zo ƙarshe, ganga ta tsaya cak, muka kasa kunne mu ji ruwan sama.

Tafi ne. Jama'a ne cike da ɗaki suna tafi, wani yana fito, wata tana ihu a sake.

Wallahi ban san lokacin da na zamo daga kujera ba. Likita ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Mai Agogo ya yi ƙoƙarin daurewa, gilashin ya faɗo daga idonsa cikin shayi.

"Ɗaki mai yoyo!" na ce, ina riƙe da ciki. "Zaman kurkuku! Yaya Kunne, ashe tsohon naka budurwa ce, kuma ga dukkan alamu ta ci abinci ta ƙoshi!"

"Shekara ashirin da shida," in ji Likita yana share hawaye, "muna cire takalmi muna yi wa yarinyar mutane ta'aziyya."

Kunne ya tashi, ya laluba gefen garmahon, ya tura maɓallin zuwa talatin da uku, ya mayar da allura farko. Muryar nan mai kauri ta dawo, saksofon ya kama nishinsa. Ya tsaya a kai, ido a rufe, ya matse su sosai. Minti ɗaya bai cika ba ya ɗaga allurar da kansa.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Ita nake ji, tana jan ƙafa. Tsoho ba ya nan."

Na daina dariya. Likita, da ba ya sanin inda ake tsayawa, ya ce ai yanzu za a iya gano sunan mawaƙiyar, wataƙila ma faifan mai daraja ne. Mai Agogo ya taka masa ƙafa. Kunne ya naɗe faifan a tawul, ya sa a rigar matashin kai, ya fita bai yi sallama ba. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina ɗan makaranta, na bi shi a baya.

Mun wuce shagon mai faci, mun wuce famfon unguwa, bai waiwayo ba. A tsakar gida muka tarar da Yaya tana sauke shanya. Ta dubi fuskar mijinta, ta ajiye kwandon.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Tsoho," in ji Kunne. Ya zauna a kan benci ya ba ta labari duka, tun daga maɓallin har zuwa tafin, bai rage ko dariyata ba. Yaya ta watsa mini wata harara, sannan ta ɗauki zani ta ci gaba da ninkewa.

"Yarinyar nan kake nufi? Ai mun saba da ita."

"Kun saba?"

"Duk Asabar idan ka tafi shago, da waƙarta nake share falo. Wata rana ce ina goge ƙura tsumma ya ture abin nan na gefe, na kunna sai na ji ta. Tun yaran nan suna firamare. Kafin ka dawo nake mayar maka da shi inda yake."

Kunne ya juyo wajenta. "Kina taɓa mini garmaho?"

"Ina taɓawa."

"Shekara ashirin kina kallona ina zubar da mutuncina a gaban Auta, ba ki faɗa mini ba?"

"Na yi niyya, Baban yara. A makon da na gano na yi niyya, har ina ta dariya ni kaɗai a kicin." Ta ajiye zanin a kwando. "Sai Baba, mahaifinka, ya rasu. Kwana huɗu kana karɓar gaisuwa, ko ɗigon hawaye ba ka yi ba, ba ka ci ba ka sha, har na fara tsoro. Ranar ta biyar ka shiga falo ka sa Tsoho. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji kana kuka kamar ƙaramin yaro. To sai in shigo in ce maka yarinya ce take rawa?"

Kunne ya sunkuyar da kai yana kallon rigar matashin da ke kan cinyarsa, yana shafa ta da babban yatsa. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, sai na kama ninke wani wando da ba a sa ni ba.

Can ya ɗago, idonsa ja.

"Idan an kawo garmahon," ya ce, "ki sa mini ita. In ji yadda kike ji."

"A zaune ba ta jiyuwa," in ji Yaya, ta ɗauki kwandon ta nufi ɗaki. "Sai ka riƙe tsintsiya."