Abin da Absar Ya Amsa a Kotu

An sake ɗage shari'ar. Ba sai an gaya wa Mwanakombo ba. Tun daga yadda Absar ya sauko daga tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗayan yana laluben bango, ta san fasfonsa na nan a hannun kotu. Ta tsame sauran kifin daga mai, ta sauke kasko, ta tare shi a ƙofa.

"Yau kuma wa ya kwanta ciwo, alƙalin ko takardun?"

Ya ce mai gabatar da ƙara ne ya tafi taro, an ce sai bayan azumi.

Bayan azumi, wai! Mutumin da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, ƙafafu sun kumbura sun ƙi takalmi, likita ya ce hanta ta gama nata, shi ake ce wa ya jira bayan azumi. Abu ɗaya yake roƙo, kuma duk unguwar Mwembeni ta san shi: a ba shi fasfonsa ya koma garinsu Chattogram, can ƙetaren teku, ya mutu a gaban matarsa Rokeya. Zancen a wanke sunansa ya daɗe da barinsa.

"Shiga ka kwanta," in ji ta.

"Shiga ka kwanta," ya ce, ya shige ɗaki.

An kwana biyu tun ranar da jirgin dakon man nan ya hau duwatsun bakin teku ya tsage. Baƙin mai ya malalo har gindin itatuwan gaɓa, kifi ya taso ciki sama, kwale-kwalen Mwembeni suka yi ta bushewa a kan yashi. Kyaftin ya sami manyan lauyoyi, aka ba shi izinin ganin likita a ƙasarsu, bai sake waiwayowa ba. Kamfanin ya sauya suna kamar maciji ya yi saɓa. Wanda ya rage shi ne Absar, da yake riƙe da sitiyari a ranar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mwanakombo tana cikin kotun ranar da aka tsayar da shi, ita da sauran mata masu suyar kifi. Mai gabatar da ƙara ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai ka juya jirgin hagu, kan duwatsu." Absar ya miƙe sambal, hannaye a baya, ya ce, "Hagu, kan duwatsu, yallaɓai." Kotu ta kaure. Ita da kanta ta yi masa Allah ya isa har sai da ɗan sanda ya tsawatar. Aka rubuta ya amsa laifinsa, unguwa kuma ta raɗa masa suna Baƙin-Mai.

Da aka ba da belinsa aka rasa mai ba shi ɗaki. Nata babu kowa, tun da ɗanta ya tafi Mombasa neman abin yi, ciki kuma ba ya jiran shari'a. Ta karɓe shi tana haɗe rai, ta yi wata ba ta amsa gaisuwarsa.

A gidan nata ta gano abin. In ta ce rufe ƙofa, sai ya ce rufe ƙofa sannan ya rufe. In ta ce shayi ya huce, sai ya ce shayi ya huce. Da farko ta ɗauka iskanci ne, ta kusa kwaɗa masa ludayi. Sai ya yi mata bayani da guntun Swahilinsa na kasuwa: a jirgi, duk umarnin da kyaftin ya bayar dole mai sitiyari ya mayar masa da shi kalma-kalma, don a tabbata ya ji. Tun yana saurayi haka bakinsa ya saba, balle in babba ya ɗaga masa murya. Ma'anarsa "na ji" ke nan, ba "na yarda" ba.

Ranar ta bar kifinta, ta hau mota har ofishin lauyansa, tana haki kamar ta tsinci zinariya. Lauyan ya saurare ta da ladabi, ya ce ai ya faɗa wa mutanen kotu tuntuni. Sun ce abin da aka rubuta an rubuta, kyaftin ɗin da zai shaida cewa shi ya ba da umarnin kuma yana can ƙasarsu. Ta dawo gida da fushin da ba ta san inda za ta sauke shi ba, don har gobe ba ta yafe man nan ba. Kifin da take soyawa yanzu daskararre ne na mota, ba ya ko ƙamshi.

Bayan wannan ɗagewa ta ƙarshe Absar ya kasa zama wuri ɗaya. Ya kwanta ya tashi, ya ja ƙafa zuwa bakin layi, ya tsaya yana kallon motocin Mombasa, ya dawo. Ya haɗa jakarsa ya kwance. Ta dafa masa shinkafar kwakwa, ya kai loma ɗaya ya ture. Ita ma rashin sukunin nasa ya kama ta, sai ta tsinci kanta tana share tsakar gidan da ta riga ta share. Tausayinsa take ji, tana kuma jin haushin kanta da take jin tausayin.

Wata Talata da hantsi ta leƙa, ta tarar numfashinsa ya sauya. Liman ya yi tafiya, mazan layin sun fita nema. Ta ja mayafi ta nufi bakin ruwa, inda ƙanenta Mwadini ke ɗinkin komar da ba ta da abin kamawa. Mwadini bai taka gidanta ba tun ranar da ta sauki baƙon. In aka yi zancen, cewa yake tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

"Tashi," ta ce. "Yana tafiya, kuma babu namiji a kansa."

"Yaya, ki kira masa kamfaninsu mana."

"Ni na goya ka, Mwadini. Kada ka sa in faɗa sau biyu."

Ya biyo ta yana gunaguni. A bakin ɗakin ya toge, ya ƙare wa mutumin kallo, ƙashi da fata a kan tabarma. Ya daɗe yana ajiye magana ɗaya a ransa, ya ga in ba yanzu ba sai a Lahira. Ya durƙusa, ya ɗaga murya.

"Baƙin-Mai, kai ka kashe mana teku."

Leɓen Absar suka motsa. "Kashe mana teku."

Mwadini ya juyo. "Kin dai ji da kunnenki."

"Na ji. To, ce masa Mwadini jaki ne."

"Yaya, a gaban mai mutuwa?"

Ta matso da kanta, ta faɗa da ƙarfi, da muryar da take kiran masu sayen kifi. Absar, ido a rufe, ya ce tiryan-tiryan, "Mwadini jaki ne, yallaɓai."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi, sai ga hawaye. Mwadini bai yi dariya ba. Ya tsaya a durƙushe, yana kallon bakin mutumin. Shi ma yana kotun a ranar, shi ne ma ya fara jifa da takalmi. Can ya ce a kawo masa ruwa. Ya jiƙa yatsa ya shafa wa Absar a leɓe, ya gyara masa kai, ya sunkuya daidai kunnensa ya fara karanta masa kalmar shahada a hankali. Absar ya mayar masa da ita cif, ba ragi. Kafin kiran azahar ya cika.

Mwadini ne ya yi masa wanka, shi da ladan. Da aka tambayi lauya ko za a iya kai gawar gida, ya ce sai an nemi izinin kotu, kotu kuma ba ta zama sai bayan azumi. Mwadini ya ce a bar su da zamansu, akwai wuri kusa da kabarin babansu.

Mata ba sa bin gawa. Da la'asar Mwanakombo ta ɗauki wayar Absar, ta danna hoton matar da yake kira kullum. Fuska ta bayyana, ƴar siririya, da farin gashi a goshi. Rokeya ta yi magana, Mwanakombo ta yi magana, ba wadda ta fahimci ƴar uwarta. Sai kawai ta fita ƙofar gida, ta juya wayar ta fuskanci layi, ta ɗaga ta sama.

Maza suka fito da makara. Masunta ne yawancinsu, suna karɓa-karɓa, Mwadini a gaba. Suka wuce shagon mai gyaran keke, suka wuce famfo, suka sha kwanar masallaci. Layin ya koma ba kowa, sai akuya tana cin ɓawon kwakwa. Daga cikin wayar ba a jin komai sai numfashi. Hannun Mwanakombo ya gaji, ta tallafe shi da ɗayan, ba ta sauke ba.